Kunnen Kofur

A layin masu wanki, ɗaki na huɗu daga famfo, akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna Mai Guga. Shekara arba'in da ɗaya tana wanke kayan mutane tana gogewa, kuma ba a taɓa kama ta da ƙona riga ba. Iyakar abin da layin ya sani game da ita ke nan. Ba wanda ya san aikin da take fara yi kowace safiya kafin ta hura gawayin dutsen guga.

A saman kabad ɗinta akwai ganga cikin jakar tamfol. Ƙaramar gangar badujala ce, irin wadda ake ratayawa a kafaɗa a buga da sanduna biyu. Jikinta na tagulla ne, ta girmi Inna, ta girmi mijinta. Fatar maraƙi ce sama da ƙasa, noti takwas ke ɗaure da ita, a ƙarƙashi kuma an shimfiɗa tsirkiyoyin hanji guda shida, su ne ke ba ta wannan murya mai kama da zubar tsakuwa a kan kwano. Inna takan sauko da ita ta ɗora a cinya, ta ƙwanƙwasa fatar da yatsan tsakiya kusa da kowane noti, kanta a karkace. Ba ta bin su a jere. Daga na ɗaya sai na biyar da ke kallonsa, daga na uku sai na bakwai, don kada fatar ta ja gefe guda. Wanda muryarsa ta faɗi, sai ta sa ɗan makulli ta murɗa shi kwata. Wanda ya yi sama, ta sassauta masa.

Fatar maraƙi, in ji Inna, ba ta san an yanka maraƙin ba. Ranar ruwa sai ta sha laima ta saki jiki, muryarta ta koma kamar an buga kwali. Ranar da iska ta bushe sai ta ɗaure kanta da kanta, in ba a sassauta ba ta fashe. Don haka mai irin wannan ganga, sama yake fara dubawa kafin ya taɓa makulli.

Gangar ta mijinta ce, Kofur. Bai taɓa shiga soja ba. Igiya biyu ce aka ɗinka masa a hannun rigar badujalar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, sunan ya bi shi har tsufa. Ranakun aiki yana cikin tukunyar jirgi da guduma, ranar Asabar yana gaban sahu da ganga. Su ashirin da biyu ne a ƙungiyar, amma akwai abu ɗaya da shi kaɗai ake bar wa. Kafin ƙahonni su shigo, sai ya saki sanduna a kan fatar su yi ta gudu, bugu na bin bugu har kunne ya kasa raba su, ya fara can ƙasa kamar raɗa ya yi ta hawa. A ƙungiyar suna kiran wannan zuba. Inna ta fara jin zubar Kofur tana budurwa, da kwanon wanki a kai, ta tsaya a gefen titi har ruwan kumfa ya jiƙa mata wuya ba ta sani ba.

A shekara ta goma sha huɗu da aurensu guduma ta fara cin kunnensa. Da farko rediyo ne ya ce ya lalace. Daga baya ya ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Wata Asabar da safe yana zaune yana ɗaure ganga, Inna tana guga a gefe, ta ji abin da ya hana ta yin shiru.

"Maigida, na kusa da cinyarka ya faɗi."

"Me?"

Ta ajiye dutse ta matso ta maimaita.

"Ke da kika san sitaci da bula, me kika sani a ganga?"

"Ban san ganga ba. Amma in igiyar shanya ta saki ta gefe guda, ina ganewa."

Kwana uku bai yi mata magana mai tsawo ba. A rana ta huɗu ta tashi ta tarar da ɗan makullin a kan teburin guga, kusa da kwanon yayyafi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: kada kowa ya sani. Makaɗin da ba ya iya ɗaure gangarsa, a cewarsa, kamar tela ne da ake zura wa allura, ranar da aka sani ranar aka daina kawo masa ɗinki. Ta yi alkawari. Ya koya mata bin noti, ita kuma ta kawo kunne.

Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka. Yana fita da ganga a ɗaure, ana yaba kunnen Kofur, yana dawowa yana ba ta labari, ta juya fuska sosai don ya ga bakinta ta ce, "Lallai kana da kunne." A cikin shekarun ne sauran makaɗa suka koma fatar roba. Abokinsa Mai Begila ya yi ta lallashinsa.

"Roba fa ba ruwanta da damina, ba ruwanta da rani."

"Shi ya sa ba ta san komai ba," in ji Kofur.

Sai aka canza shugabannin ma'aikata, sababbin suka ce ba su ga amfanin badujala ba, aka rushe ta. A lokacin kunnen Kofur ya gama tafiya, sai an yi ihu dab da na hagu yake tsintar kalma ɗaya ko biyu, sauran a baki yake karantawa. Ya dawo gida ranar ƙarshe, ya zura sanduna a jaka, ya ce ba zai ƙara bugun abin da ba ya ji ba. Shekara goma sha tara bai saɓa wannan magana ba.

Inna kuwa ba ta daina ba. 'Yarsu Auta, wadda ke aikin jinya, ta sha tambayarta.

"Inna, wa kike ɗaure wa? Baba ko kallonta ba ya yi."

"Ranar da ya tashi bugawa, ya same ta a shirye."

"In bai tashi ba fa?"

"Ke dai miƙo mini zanin gadon nan."

Sau ɗaya, Kofur yana masallaci, ta ɗauki sandunan ta gwada da kanta. Abin da ya fito kamar kaza ce ke tsattsagar kwano. Ta mayar da su da sauri. Muryar tana nan cikin fatar, tana jin ta a ƙarshen yatsa kowace safiya, amma hannun da zai fito da ita yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon titi. Wani lokaci in ruwan sama ya fara sauka a kan kwanon ɗaki, takan tsayar da guga ta saurara, har sai ya yi ƙarfi ya daina kama da abin da take nema.

Rannan da hantsi Mai Begila ya shigo da sanda a hannu ɗaya, takarda a ɗaya.

"Amaryarmu, ina tsohon kurman nan naki?"

"Ga shi nan a gabanka. Ka faɗa masa a fuska in ka isa."

Ya zauna ya fuskanci Kofur, yana buɗe baki kamar mai koya wa jariri magana. Za a rufe ma'aikatar gaba ɗaya. An shirya taron sallama nan da kwana tara, an gayyaci tsofaffin ma'aikata, kuma ana so 'yan badujalar da suka rage su buga na ƙarshe. Su huɗu ne suka rage: su biyun nan, da mai babbar ganga, da mai faifan ƙarfe.

"Ba ni zuwa," in ji Kofur.

"To shi ke nan. Akwai jikan mai babbar ganga, yana da ta roba. Sai ya yi mana zuba."

"Wa?"

"Ka ji ni sarai. Kurumtarka zaɓe take yi."

"Zuba a kan roba? Kai da haƙora huɗu suka rage maka, da me za ka busa begilar?"

"Da iskar da na tara ina jiran ka mutu in gaji amaryar nan."

Inna ta ɗaga dutsen guga ta nuna shi da shi. Suka yi dariya har tari ya sarƙe Mai Begila. Da ya tafi, Kofur ya daɗe yana kallon hannuwansa, yana buɗe yatsu yana rufewa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Tana nan kuwa?"

Ta zagaya gabansa. "Tana nan."

"Sau ɗaya zan buga ta, a can. Ba kafin nan ba."

Kwana taran nan ba ranar da ba a yi ruwa ba. Kayan wanki suka taru a igiya cikin ɗaki sun ƙi bushewa, fatar ta yi ta shan laima tana saki. Inna ta yi ta bin ta da makulli, tana riƙe da adadi a kai: zuwa safiyar taron kowane noti ya sha kwata shida. Ta san fatar ta tsufa, ta yi siriri har ana ganin inuwar yatsa ta bayanta, amma ta san kuma muddin sama na zuba, ba abin tsoro.

Ruwa ya dake su tsakanin mota da ƙofa. Ba a tsohuwar ma'aikatar aka yi taron ba, a wani sabon zaure ne na ofishin shugabanni, bangonsa ɗaya gilashi ne daga sama har ƙasa. Suna shiga sanyi ya ratsa ta. Ta dubi gilashin, ruwa na gangarowa a kansa layi-layi. Ruwa a waje, sanyi a ciki: fatar za ta ƙara saki kafin a zo kansu. Ta raɓe bayan wani ginshiƙi kamar mai gyara zani, ta kwance makullin daga bakin mayafi, ta ƙara wa kowane noti kwata ɗaya. Bakwai ke nan. Sannan ta miƙa wa Kofur jakar.

Aka zaunar da tsofaffin huɗu a kan dandamali, aka ɗora gangar a kujera a gefensu, daidai ƙarƙashin wani rami a silin da ke huro sanyi. Inna da Auta suka sami wuri a sahu na goma sha biyu. Aka fara jawabai. Mai gabatarwa ya yi nasa, wakilin ma'aikata ya yi nasa, wani injiniya ya karanta tarihin ma'aikatar tun daga tubalin farko. Awa ɗaya da minti arba'in suka wuce kafin manaja ya hau.

A nan ne Inna ta kai hannu za ta gyara mayafi, hannun ya tsaya. Mayafin da ya jiƙe sharkaf a ƙofa ya bushe ƙayau. Ta murza shi tsakanin yatsu. Irin wannan yadin, a irin wannan rana, sai ya kwana biyu a igiyarta yana ɗanye.

"Auta, wannan sanyin na mene ne?"

"Esi ne, Inna, na'urar sanyaya ɗaki."

"Yana da laima?"

"Laima kuma? Shanye ta yake yi. Mu a asibiti har leɓe ke tsage mana."

Inna ta saki mayafin. Shekara talatin tana karanta sama, ba ta taɓa sanin ɗaki na iya zama da tasa samaniyar dabam ba. Kwata bakwai ta ɗora wa tsohuwar fata, ga shi iska ta kusa awa biyu tana ƙara ja. In ta zauna, fatar za ta fashe a kan kujera kafin sanda ta taɓa ta. In ta tashi, mutum ɗari uku za su ga wanda ke ɗaure gangar Kofur. Ta dube shi can a kan dandamali, cikin tsohuwar rigar da ta goge masa jiya, igiyoyinsa biyu a miƙe, yana gyaɗa kai ga jawabin da ba ya ji. Ta yi masa alkawari, kuma ba ta taɓa karyawa ba. Amma shekara goma sha tara ma ba kwana goma sha tara ba ne.

Ta miƙe.

"Inna, ina za ki?"

Wani mai kula da baƙi cikin kwat ya tare ta a hanya. "Mama, bayi na can baya."

"Ɗana, na san inda za ni."

Ta hau matakala uku, ta durƙusa gaban kujerar, ta sa makulli. Ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, amma lasifikar da ke bisa kanta tana zazzaga muryar manaja, ba ta jin komai. Ta ƙara ƙwanƙwasawa. Ta ji idanun zauren a bayanta kamar zafin gawayi, ba ta yarda ta ɗaga kai ta dubi mijinta ba.

Sai ta ji kujera ta motsa. Kofur ya miƙe tsaye, da muryar nan tasa ta wanda bai san ƙarfin muryarsa ba, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ka ɗan dakata. Tana saurare."

Manaja ya tsaya da baki buɗe. Zauren ya yi tsit.

"Matata ce," in ji Kofur, har bango ya amsa. "Ni kurma ne, shekara talatin. Ita ke ɗaure mini."

"La ila!" in ji Mai Begila. "Ashe duk yabon da muka yi ta yi, kunnen aro muke yaba!"

Dariya ta tashi ta kwanta. Cikin shirun Inna ta bi notin, na ɗaya da na biyar, na uku da na bakwai, tana sassautawa kaɗan-kaɗan, fatar na sauke numfashi a ƙarƙashin yatsanta. Da ta zo na shida ta gani. Tsaga ce a bakin fatar, tsawon ƙwayar shinkafa. Ta makara.

Ta ja hannun Kofur ta ɗora yatsansa a wurin. Ya shafa, ya dube ta.

"Nawa za ta ɗauka?"

"Ban sani ba. Kaɗan."

Su biyun sun san lissafin. In aka mayar da ita jaka yanzu, za ta iya shekaru a saman kabad da 'yar tsagarta. In aka buga, ta gama. Inna ta juya fuskarta sosai zuwa gare shi, don kada kalma ko ɗaya ta ɓace masa.

"Ka buga."

Manaja ya ninke takardarsa ya ce ai jawabi ya ƙare, a ba dattawa wuri. Kofur ya rataya gangar, ya gyara ta a cinyar hagu, ya ɗaga sanduna. Bugun farko ya fito a rarrabe, na biyu ma haka. Sannan wani abu ya tuna kansa a wuyan hannunsa, sandunan suka kama gudu, tsirkiyoyin suka farka, zuba ta taso daga ƙasa tana hawa. Inna na durƙushe inda take, makulli a hannu. Ba ta rufe ido ba, ba ta yi kuka ba, saurare kawai take yi kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Numfashi goma sha ɗaya ta ƙirga. A na goma sha biyu tsagar ta ruga daga baki zuwa tsakiya, sandar dama ta nutse. Mai Begila ya shigo da busa a daidai wurin, ya rufe ɓarakar, sauran biyun suka bi shi. Zauren ya miƙe yana tafi, Kofur yana kallon tafukan mutane suna haɗuwa suna rabuwa.

A motar komawa gangar na tsakaninsu. Sun wuce shataletale biyu kafin ya taɓa gwiwarta.

"Yaya ta fita?"

Ta nemi abin da za ta kwatanta masa da shi, ta rasa. Sai ta faɗi abin da take da tabbas a kai.

"Hannun hagu yana ja baya."

"Wane hagu? Haguna?"

"Naka. Da ba ya haka."

"Ke, guga kika sani! Gobe da safe ki tsaya ki ji ko yana ja baya."

Ya faɗa, sannan dukansu suka dubi jakar. Auta da ke gaba ta juya fuska wajen taga.

Washegari Inna ta cire zoben katakon da ake naɗe fata a kai, ta nufi layin majema. Shago huɗu ta shiga. Akwai fatar sa ta takalmi, akwai ta akuya, amma mai kankare fatar maraƙi har ta yi siririn da ganga ke so, suka ce sai dai ta tambayi wani tsoho a ƙarshen layi. Tsohon ya juya zoben a hannu, ya ce ya iya, ya yi wa mutane da yawa a da, amma yanzu wa ke yanka maraƙi? Sai in tsautsayi ya faɗa wa wani, kuma a kawo fatar ba tabon wuƙa. Ya ce ta riƙa leƙowa.

Tana leƙawa kowace Alhamis. Wata biyar ke nan. Sau ɗaya aka kawo wata, suka ɗaga ta a rana suka ga huda biyu a tsakiya. Shi kuwa Kofur, kullum bayan la'asar sai ya ninke bargo riɓi huɗu a ƙarshen teburin guga, ya zauna da sandunansa, yana horar da hannun hagu. Bargo ba ya da murya, ɗif-ɗif kawai yake yi. Inna tana ɗaya ƙarshen tana guga. In ya ɗaga kai ya dube ta, sai ta girgiza nata, ya yi tsaki ya sake farawa.